Shanyar Ƙarfe Goma a Tokyo

Duk ƙauyen Kamitani ba wanda bai san Kinue Nagumo ba, sai dai yawancinmu ƙasan takalminta muka fi sani, don daga ƙasa muke hango ta. Hunturu arba'in da tara ke nan tana hawa rufin gidanta da shebur. Dusar ƙanƙarar tsaunukan Niigata jiƙaƙƙiya ce mai nauyin tsiya, ka ƙyale ta mako guda ta karya maka ginshiƙi. Kinue ba ta sauraron masu hasashen yanayi. Ƙofar da ke tsakanin kicin da ɗakin zama ita ce ma'auninta: ranar da ta tura ta gefe ta ji ta cije, to rufi ya yi nauyi. Sai ta ɗaura igiya a ƙugu, ta jingina tsani, ta hau ta dinga yanka dusar gunduwa-gunduwa kamar mai yankan awara tana turowa ƙasa. Shekararta saba'in da ɗaya, har yau ba ta taɓa barin wani ya taka mata rufi ba.

Tana da ashirin da biyu aka kawo ta gidan. A zamanin, da an gama girbin shinkafa maza ke watsewa birane neman aikin hunturu, ba a sake ganinsu sai dusa ta narke. Mijinta Eisaku Tokyo yake zuwa, wani gidan wanka na unguwa, yana hura wutar tukunyar ruwan zafi. Hunturu talatin da biyu ya yi yana wannan zirga-zirga. Kowace shekara ya dawo a watan Afrilu fatarsa sumul saboda tururi, ya tarar da ita hannu duk kanta, ya zauna ya miƙe ƙafa ya soma labari.

"Mama," haka yake kiranta tun da aka haifi 'yarsu, "kin san a Tokyo tsakiyar hunturu rana ake ƙwallawa? Sama tas, ko gajimare babu. Ƙarfe goma na safe mata ke fito da barguna su shanya a waje. Ni ma in na hau soro shanya nawa, sai in..."

"Ƙarya," in ji Kinue. "Ci abincinka."

Nan labarin ke tsayawa kullum. Sau talatin da biyu ya ɗauko shi, sau talatin da biyu ta datse shi a wuri guda. Da ya yi ritaya ma bai daddara ba. 'Yarsu ta taɓa nuna mata hoto a waya, ta ce waya ba abin da ba ta iya nunawa.

Gaskiyar magana, ta san ba ƙarya yake ba. Abin ne ke ƙona mata rai. A wajenmu daga Disamba zuwa Maris wanki a ɗaki yake bushewa, in ma za a kira wannan bushewa, rataye saman murhu yana shan warin kananzir. Bargo kuwa danshi ba ya barinsa, ka shiga cikinsa ka ji kamar an yayyafa masa ruwa. Ita tana nan tana kwana a haka, ta tashi ta hau rufi, shi yana can yana lulluɓa da bargon da ya sha rana, sannan ya dawo yana ba ta labari fuska a sake? Gara ta ce ƙarya ne, zuciyarta ta fi samun sauƙi.

Bana, cikin katunan gaisuwar sabuwar shekara, sai ga na Tamura-san, matar marigayi mai gidan wankan. A ƙasan gaisuwar ta ƙara layi uku da hannunta. Tukunyar ta tsufa, ita ma ta tsufa, ƙarshen Fabrairu za ta rufe gidan, masu gini za su rushe shi. Eisaku ya zo ya yi wankan ban kwana, kuma ya zo da matar nan da suka shekara talatin suna cin mochinta, dakakkiyar shinkafar da take aiko musu duk sabuwar shekara, ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Tsoho ya samu abin yi. Idonsa ya yi rauni, amma ya ɗauko gilashin ƙara girma da ƙaton littafin lokutan jirage, ya baje a kan teburin ɗumi, ƙafafu a ƙarƙashin bargon teburin. Kwana shida yana jan layi da rula. Ya haɗa ɗan littafin tafiya irin wanda malamai ke raba wa 'yan makaranta, ya ɗinke shi da zare, kwafi biyu, har da zanen hayaƙi a bango. Kwana uku ne tafiyar, huɗu ga Fabrairu zuwa shida.

"Bas ƙarfe bakwai da minti goma sha biyu," ya karanta mata. "Tasha takwas da biyar. Shiga bayan gida, minti shida."

"Wa ya ce maka minti shida zai ishe ni?"

"To bakwai. Sai mu fasa sayen lemo."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta karɓi nata kwafin ta juya shi gaba da baya. Ta so tafiyar, kada wani ya ce ba ta so ba. Har ta ɗauko rigarta ta zuwa biki ta duba ko asu ya taɓa ta. Amma da ta tashi za ta shiga kicin, ƙofar ta cije. Ta tsaya riƙe da ita.

"Baba, farkon Fabrairu fa ka ce. Lokacin da sama ke zazzage duk abin da ke cikinta. Kwana uku! Mu dawo mu tarar gida ya durƙusa?"

Bai ce zai hau ya rage kafin su tafi ba, don ya san amsar. Eisaku haifaffen Kamitani ne da bai san dusa ba, duk hunturun ƙarfinsa a bakin wuta ya yi su. Sau ɗaya ya hau rufin bayan ritaya, shebur ya suɓuce masa, shi kuma ya rungume bututun hayaƙi yana kiran Mama, sai da ta hau ta sauko da shi a gaban maƙwabta. Masu kwasar dusa na haya kuwa sunayen da ke gabansu sun kai ƙarshen wata, kuma ko da suna nan, Kinue ta ga yadda suke kankare kwano da bakin shebur, ba za su taɓa mata nata ba.

"Akwai Masae-san," ya faɗa a hankali, yana kallon shayinsa.

Kinue ta fizge ƙofar da ƙarfi ta shige kicin.

Masae Kuwabara ita ce maƙwabciyarsu ta yamma, gwauruwa, ta haura shekara sittin da takwas da 'yan watanni, ita ma gwanar rufi ce. Tsakanin gidajen biyu akwai ɗan lungu da bai fi taku shida ba, nan rufin kowa ke zubar da kayansa. Shekara goma sha takwas da suka wuce wata gunduwa daga rufin Kinue ta karya babban reshen kanyar Masae. Kinue ta je ban haƙuri da kwalin alewa. Washegari Masae ta mayar da kwalin da ya fi shi girma, ta ce ai ba komai, laifin itacen ne da ya tsaya a wurin. Daga ranar aka shiga gaba. Aka kafa gora da jan ƙyalle a tsakiyar lungun, ba mai barin ko cokali ɗaya na dusarta ya ƙetare. In sun haɗu a hanya kowacce ta rusuna fiye da 'yar'uwarta, gaisuwa kamar ta surukai. Ba wanda ya taɓa jin sun ɗaga wa juna murya. Da ma sun yi, da tuni an wuce wurin.

Kwana biyu ba a sake maganar ba. A na uku Eisaku ya ce zai rubuta wa Tamura-san ya ba ta haƙuri.

"Ka tafi kai kaɗai mana. 'Yarmu Rie ta raka ka tasha."

"Ai ba wanka zan je yi ba," ya ce, ya tattara rularsa.

Da safe tana goge tebur ta ga littafinta inda ta bar shi. Shafin farko kawai ta sani, wanda ya karanta mata. Ta buɗe rana ta biyu. Tashi shida da rabi, karin kumallo minti ashirin da biyar, jirgin cikin gari, tafiyar ƙasa minti tara. Sai ta kai ƙarfe goma. Ya rubuta da manyan baƙaƙe: Mama za ta yi shanya a soron Tamura-san. A ƙarƙashinsa, daga goma zuwa biyu, mutumin da ya auna wa shiga bayan gida minti bai rubuta komai ba sai kalma uku: zama a rana.

Ta daɗe a durƙushe da tsumma a hannu. Tausayinsa ya kama ta, haushin kanta ya biyo baya. Sai ta tashi ta naɗe mochi goma a ƙyalle, ta sa takalmin roba, ta zagaya ta bakin titi, don ko a wannan ranar ba za ta ƙetare gorar ba.

"A gafarce ni, Masae-san, na yi sammako."

"A'a! Kinue-san, yau ke ce a gidanmu? Ko dusata ce ta ƙetare? In ta ƙetare ki faɗa, yanzun nan in je in tsince ta da hannu."

"Haba, ina! Ke da ko ƙwaya ba ki taɓa kuskurewa ba."

Aka shiga ciki. Aka sha shayi kofi uku ana maganar sanyi da ciwon gwiwa da tsadar kananzir. Kinue ta yaba labule, Masae ta ce tsumma ne. Da aka zuba na huɗu Kinue ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuyar da kai.

"Rufina."

"Me ya same shi?"

"Kwana uku. Ki riƙe min shi."

Masae ta ajiye buta. Ta dube ta, ta sake dubawa, sai kawai ta fashe da dariya, irin wadda Kinue ba ta ji daga bakinta ba tun suna da goyo.

"Shekara goma sha takwas ina kallon ki daga nawa rufin kina farawa ta gabas, ina cewa a raina baiwar Allahn nan har yau ba ta iya ba!"

"Ta gabas ake farawa!"

"A gidan wa? Iska ta yamma take tara ta, ke kina can kina shafa inda ba komai."

"Ke da kike yanka gunduwa kamar ƙaton dutse? Wata rana sai ta ja ki kun sauko tare."

"Tawa dai ba ta taɓa karya itacen kowa ba."

Sai Kinue ta ce, "Kanyar nan da ma ba ta da zaƙi." Suka kwashe da dariya su biyun, har Masae na share ido da bakin riga.

"To ina za ki, da har za ki bar rufinki a hannun wadda ba ta iya ba?"

"Tokyo. Tsohon ne ya dage wai sai na ga rana a Fabrairu. Wai shanya zan yi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Masae. Mijinta Tokuji shi ma can ya yi hunturunsa, wajen masu gyaran titi, ya rasu shekara goma sha biyu ke nan.

"Ashe naki ma ya faɗa miki wannan? Nawa duk shekara sai ya faɗa. Na ce masa ya sake faɗa in kwaɗa masa ludayi." Ta juya kofinta a hannu. "Ya ce wata rana zai kai ni. Na ce wa zai riƙe min rufi?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da rigar ɗumi mai auduga a ciki, shuɗiya, gwiwar hannunta da faci. Ta ɗora ta a cinyar Kinue. Rigar ta yi sanyi, tana warin kabad.

"Ki shanya min ita. Ba alewa nake so ba, kada ki kuskura ki kawo min alewa."

Sauran shirin da gudu aka yi shi. Kinue ta rubuta wa Masae shafi biyu na yadda ake bi da rufinta, Masae ta karɓa da hannu biyu ta gode, ta ɗora butar shayi a kai. Aka tsiyaye ruwan famfo kada ya daskare ya fasa bututu. Sai rigima ta tashi a kan kaya, don Kinue ta naɗe bargonta na kwana, ƙaton nan, ta sa rigar Tokuji a tsakiya, ta ɗaure da ƙyalle ta goya a baya.

"Mama, ana aika kaya ta mota yanzu fa. Gobe ya isa."

"Bargona bai taɓa tafiya shi kaɗai ba."

"Mutanen jirgi za su ce gudun hijira muke."

"Su ce. Ka sa shi a littafinka, ɗaukar bargo minti biyu."

Ranar huɗu ga wata dusa na sauka kamar da gayya. Bas ya makara da minti goma sha ɗaya, abin da ya cinye lokacin bayan gida da na lemo gaba ɗaya. Masae na tsaye a ƙofarta da shebur a kafaɗa, ba ta ɗaga hannu ba, haɓa kawai ta ɗaga musu. A jirgi Kinue ta ƙi duba taga, tana ta lissafin yadda rufi ke cika. Da suka ƙetare tsaunuka Eisaku ya taɓa ta da gwiwar hannu. Gonaki ne jajaye a bushe, ga haske ko'ina, ga wani gida da zannuwa a igiya suna kaɗawa. Ta sauka a Tokyo da takalmin roba har gwiwa, tana ƙwaf-ƙwaf a kan busasshen titi, ga ƙunshi a baya, mutane na kaucewa suna satar kallo. Ko a jikinta.

Washegari goma saura minti biyu suna kan soron gidan wankan. Tamura-san, 'yar ƙaramar tsohuwa mai muryar maza, ta riƙe hannun Kinue ta ƙi saki, tana cewa ashe wannan ne hannun mochin. Ta nuna musu matakala ta koma bakin aikinta. Sama ɗan dandali ne na katako a gindin dogon bututun hayaƙi, da sanduna biyu na shanya. Akwai sanyi, amma busasshe, rana kuma na dukan ƙeya. Duk inda Kinue ta juya barguna ne a baranda, ja da fari da mai furanni, har iyakar gani. Wata mata a can tana bugun nata.

Ta shanya rigar Tokuji tukuna, a inda rana ta fi kyau, ta buɗe hannayenta sosai. Sannan bargonta. Suka zauna a kan wani akwati. Duk minti goma sai ta tashi ta taɓa, ta juya, ta dawo. Wajen sha biyu ta tura fuskarta cikin bargon. Ya kumbura ya yi ɗumi, yana wani ƙamshi da ta sani amma na watan Mayu ne. Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta huce a kan mijinta.

"Hunturu talatin da biyu kana shan wannan kai kaɗai. Ko kunya."

"Ban taɓa zama a nan ba sai yau," in ji Eisaku. "Ina ƙasa wajen wuta. Minti biyar nake samu in hawo in shanya. In na gama sai in juya can." Ya nuna arewa maso yamma, bayan gine-gine, inda wani farin gajimare ya kwanta a kan tsaunuka. "Duk ranar da nan ta yi tas haka, to can ake zubawa. In na ga ya yi kauri sai in ce yau Mama na kan rufi. Sai in tsaya har in ƙirga ɗari, wai ina riƙe miki tsani. Sannan in sauka."

Kinue ta kalli gajimaren. Ya yi kauri ƙwarai.

"To me ya hana ka faɗi haka tuntuni?"

"Ai nan nake nufa kullum. Ina cewa in na hau soro, sai ki ce in ci abincina."

Ta kai masa duka a kafaɗa, tana dariya hawaye na zuba, ta ce masa tsohon banza. Sun cika zaman ranarsu har ƙarfe biyu, kamar yadda littafi ya ce. Kafin su sauka ta ciro wata babbar jakar leda mai kauri, irin wadda take adana shinkafa a ciki, ta ninke rigar tun tana da zafinta, ta tura ta ciki ta ɗaure bakin da zare sau uku.

Sun ga hasumiya, sun ci taliya a tsaye, Eisaku ya yi wankansa ya yi sallama da tukunyarsa. In ka tambayi Kinue wannan duka sai ta ce ai, an gani.

Ranar shida da la'asar suka dawo, dusa ta kai rabin tagogi. Kinue ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta nufi ƙofar kicin. Da yatsa ɗaya ta tura ta, ta tafi sulu har ƙarshe. Ta leƙa lungu. Tudu guda ne daga bango zuwa bango, gora da jan ƙyallenta suna can ƙarƙashi, ba mai iya cewa ga ta wane gida. Ta ɗauki jakar ta hau tudun ta sauka a ƙofar Masae.

"Ta yamma na fara," in ji Masae tun kafin a gaisa. "Kwanonki na kusurwa ya saki, ki sa a duba. An ga ranar?"

Kinue ta miƙa mata jakar. Masae ta zauna a bakin dakali ta kwance zaren a hankali, ta buɗe kaɗan, ta tura fuskarta ciki. Ta daɗe a haka, kafaɗunta na motsi. Da ta ɗago hancinta ya yi ja, tana murmushi.

"Ɗan banza," ta ce. "Ashe gaskiya yake faɗa."

"Ki sa ta mana, tun da sauran ɗumi."

"Ke, rufa min asiri!" Ta matse bakin jakar da sauri ta soma naɗe zaren. "Wannan sai ta kai ni Afrilu."